Garin da Ake Hura wa Lemo Wuta

Sunan Comboni a Khartum na fara jin sa, ba a Italiya ba. Lokacin da nake karatu a can, da shi ake kwatance a tsakiyar gari: ka sauka wajen Comboni, ka bi ta bayan Comboni. Tsohuwar makaranta ce ta 'yan mishan, tun 1929 take, kuma 'ya'yan Musulmi da dama sun yi karatu a cikinta. Ban taɓa damuwa in san mai sunan ba. A zatona wani Baturen mulki ne, irin waɗanda suka zo suka wuce suka bar suna a jikin bango. Ashe ɗan mai aikin lambu ne, daga wani ƙauye da ke maƙale tsakanin dutse da ruwa. Ban sani ba sai da ƙafata ta taka ƙauyen.

Yayana ne ya kai ni, ɗan wan mahaifina, wanda ya daɗe a Brescia, wani birni a arewacin Italiya, yana aiki a masana'antar ƙarfe. Na je masa ziyara cikin watan Satumba. Kwana huɗu ina gida, daga ci sai barci sai hira da yara, ranar Juma'a da dare ya dube ni ya ce, "Ustaz, ba gadin kujera ka zo yi Italiya ba. Gobe zan kai ka ka ga ruwa."

Ustaz ɗin nan tsokana ce, tun da na dawo daga Sudan ya liƙa mini ita.

Na ce, "Haba Yaya, wanda ya sha ruwan Nilu wane ruwa za a nuna masa?"

Ya ce, "Kai dai kwanta da wuri."

Muna idar da sallar asuba muka ɗau hanya. Tafkin Garda shi ne mafi girma a Italiya, tsawonsa ya kai kilomita 52, zurfinsa a wani wuri mita 346. Siffarsa kamar gora: gindi mai faɗi a kudu, wuya siriri a arewa, kuma can cikin wuyan, inda duwatsu suka matse ruwan dama da hagu, nan Limone sul Garda yake. Mun wuce Salò, mun wuce Gargnano. Yaya ya nuna mini da haɓa ya ce a nan Mussolini, shugaban kama-karyar Italiya, ya zauna daga 1943 zuwa 1945, lokacin da mulkinsa ya koma suna kawai a hannun Jamusawa. Ban mai da hankali ba, don daga Gargnano hanyar ta fara shiga cikin dutse.

Ramuka ne aka fafe a jikin dutsen, ɗaya bayan ɗaya, gommai. Ka shiga duhu, ka fito ka ga shuɗin ruwa can ƙasa ta hannun dama, kafin ka gama kallo wani duhun ya haɗiye ka. Wasu ramukan ƙunci gare su, idan bas ta taho daga gaba sai na ji na tattara ƙafafuna kamar hakan zai rage faɗin motar. A farkon shekarun 1930 aka gama wannan hanya. Kafin nan mai zuwa Limone zaɓi biyu gare shi: ko ya shiga jirgin ruwa, ko ya bi turbar alfadarai ta kan dutse. Wannan magana ita ce ta riƙa dawo mini duk yinin, domin kusan duk abin da aka nuna mini a garin daga rashin hanyar nan ya samo asali.

Mun ajiye mota a sama muka gangara da ƙafa. Mutanen garin dubu ne da 'yan kai, amma baƙin da na gani da safen nan kaɗai sun isa su cika wani garin. Jamusanci na fi ji a titi fiye da Italiyanci. Lunguna ne matsattsu, matakalai, gidajen dutse sun jingina da juna, a bayansu kuma dutse ya miƙe tsaye kamar bango. Ko'ina ka duba lemo: a kan faranti, a kan tawul, a jikin sabulu, har lambar gida a kan tangaran mai zanen lemo take.

Na ce, "Wannan ba sai an fassara mini ba. Limone, lemo ke nan."

Yaya ya yi dariya ya ce kowa haka yake faɗi, kuma kowa kuskure yake yi. Sunan ya girmi zuwan lemo garin. Masana da yawa suna danganta shi da kalmar Latin "limen", wato iyaka, wasu kuma da tsohon sunan wata bishiya. Iyakar ce ta fi kwanta mini, don garin kusan duk rayuwarsa a bakin iyaka ya yi ta. Ya zauna ƙarƙashin Venice daga 1426 zuwa 1797, Ostiriya ta riƙe shi bayan zamanin Napoleon, da ya fita daga hannunta a 1859 sai ya zama garin ƙarshe kafin ƙasarta, har zuwa 1918. Inda iyaka take kuwa, ba a rasa fasa-ƙwauri. A cikin Janairun 1896 wani jirgin sintiri na masu tsaron iyaka mai suna Locusta ya nutse cikin guguwa a kusa da Limone, da mutum 12 a ciki. Yau ma idan ka ƙara 'yan kilomita arewa ka bar Lombardiya ka shiga Trentino.

Lemon da ake magana ba irin namu ba ne, ɗan ƙarami kore da muke matsawa a shayi ko a kunu. Wannan babba ne, launin ɗorawa, mai tsinin baki. Kuma bai kamata a ce yana rayuwa a nan ba sam. Garin yana kusa da layi na 46 arewa, a gindin tsaunukan Alps. Ruwan tafkin yana tara zafi da rani ya sake shi a hankali da hunturu, dutsen bayan gari yana tare iskar arewa, amma duk da haka dare ɗaya na ƙanƙara ya isa ya kashe bishiyar da aka yi shekara talatin ana reno. Sai suka gina wa bishiyoyin gidaje.

Mun hau zuwa wanda ake kira Limonaia del Castèl. Tun farkon ƙarni na 18 yake, ya lalace, hukumar garin ta saye shi ta gyara, aka buɗe wa masu ziyara a 2004. Daga nesa za ka ɗauka kangon wata fada ce da aka fara ba a gama ba: fararen ginshiƙai masu kusurwa huɗu, dogaye, a jere, babu rufi. Idan ka shiga sai ka gane. An yanka gefen dutsen hawa-hawa, kowane hawa da layin bishiyoyinsa. Katanga mai kauri ta kewaye baya da gefe biyu, gaban kuma a buɗe yake wajen fitowar rana da ruwa. A kan ginshiƙan an gicciya dogayen itatuwa kamar azara. Da rani haka ake barin wurin, rana da iska suna shiga yadda suka so. Idan ƙarshen Nuwamba ya gabato sai maza su hau sama su rufe da alluna, gaban kuma a jera katako da tagogin gilashi, duk wata 'yar kafa a cusa mata busasshiyar ciyawa. Lambu guda ya koma ɗaki. Sai sanyi ya wuce a kwance komai, a adana a wani dogon ɗakin ajiya da ke jikin ginin, kowane allo da wurinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani ɗan kwano ne. Ba su da na'urar auna sanyi, sai su ajiye ruwa a kwano a tsakanin bishiyoyi. Mai lambu ya tashi cikin dare ya duba. Idan ya ga fuskar ruwan ta fara daskarewa, sai ya hura wuta a cikin ɗakin, ya zauna yana kula da ita har gari ya waye. Na tsaya ina tuna yadda a gida ake hura wa mai jego wuta, da tsoho idan hunturu ya yi tsanani. Ban taɓa jin inda aka hura wa bishiya ba.

Na ce, "Yaya, wannan wahala duk don lemo?"

Ya ce, "Don kuɗi dai. Kai da ke tsinkar lemo a bayan gida ba za ka gane ba."

Gaskiyarsa. A lokacin, mutumin Jamus ko Foland ko Rasha da ke son lemo, na Garda ne mafi kusa da shi. Na Sisili, tsibirin da ke can kudancin Italiya, sai ya sha doguwar tafiya ta teku. A nan kuwa a tsinka da hannu, a ware manya da ƙanana, a naɗe kowanne a takarda, a jera a akwati, jirgi ya kai bakin tafki, daga nan a tsallaka duwatsu. Ana cewa 'yan ɗariƙar Fransiskan ta Kiristoci ne suka fara kawo bishiyar Gargnano tun ƙarni na 13, amma sai a ƙarni na 18 abin ya zama babbar sana'a. Ruwan ban bishiyoyin daga rafin San Giovanni aka janyo shi ta ƙananan magudanai, har yanzu ana ganin su a bakin kowane hawa. Wanda ya taɓa ban ruwa a fadama, yana buɗe wannan kwami yana toshe wancan, ba sai an yi masa bayani ba.

Sai dai in faɗi abin da allunan bayani ba su cika ɗaga murya a kai ba. Gina irin wannan wuri ba aikin talaka ba ne. Manyan lambunan na attajirai ne, irin gidan Bettoni na Bogliaco. Mutumin Limone shi ne mai hawa tsani, mai ɗaukar allo, mai kwana gaban kwano. Idan ya koma gida, masara ce da kifi da man zaitun.

Marubucin nan na Jamus, Goethe, ya wuce ta gaban garin a kwalekwale ranar 13 ga Satumba 1786, ya rubuta yadda ya ga lambunan hawa-hawa da fararen ginshiƙansu. Mutanen Limone ba su gaji da ambaton wannan ba, ko da yake ko sauka bai yi ba. Iska ce ma ta tilasta masa tsayawa a Malcesine, a ɗaya gaɓar, inda ya zauna zana hoton tsohuwar ganuwa, mutanen gari suka taru a kansa suna zargin ɗan leƙen asirin Ostiriya ne.

Mutuwar sana'ar ba rana ɗaya ta zo ba. A 1855 wata cuta ta kama bishiyoyin, suna zubar da ƙaro suna bushewa. Da Italiya ta haɗe ta zama ƙasa ɗaya a 1861, jirgin ƙasa kuma ya yawaita, lemon kudu wanda ke girma a fili ba gini ba wuta ya cika kasuwa da araha. Aka kuma gano yadda ake samar da sinadarin tsamin ba tare da lemo ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, garin yana bakin daga, aka kwashe mutanensa, sojoji suka kwashe allunan rufi suka yi amfani da su. Abin da ya rage, sanyin hunturun 1928 zuwa 1929 ya ƙarasa shi. Bayan 'yan shekaru hanya ta iso. Lemo ya tafi, baƙi suka zo, kuma abin dariya, lemon da ya tafi shi suke zuwa nema.

Da rana muka nemi abinci. Kifin tafki muka ci, don shi ne ba sai ka yi dogon bincike a kansa ba. A wani shago wata dattijuwa ta miƙo mini ɗan ƙaramin kofi da wani abu mai launin ɗorawa, har na kai hannu, Yaya ya riƙe ni. "Ustaz, giya ce." Limoncello suke kiran ta. Matar ta ba da haƙuri fiye da yadda laifin ya kai, ta maye mini da alewar lemo.

A wurin cin abincin ne Yaya ya ba ni labarin jinin mutanen garin, na ɗauka zolaya ce har sai da na ga an rubuta. A ƙarshen shekarun 1970 likitoci a Jami'ar Milan, ƙarƙashin Farfesa Cesare Sirtori, suka duba wani ma'aikacin jirgin ƙasa ɗan asalin Limone. Gwajin jininsa ya nuna abin da ya kamata ya tsorata kowa: kolestarol mai amfani ya yi ƙasa ƙwarai, wani kitsen jinin kuma ya yi sama. Amma jijiyoyinsa tas, zuciyarsa lafiya lau. Da suka bincika sai suka tarar wani furotin a jininsa ya bambanta da na sauran mutane a gurbi ɗaya tak, suka sa masa suna ApoA-1 Milano. Suka zo suka gwada kusan duk garin, suka samu kimanin mutum 40 masu ɗauke da shi. Littattafan coci na haihuwa da aure suka nuna duk zuriya ɗaya ce. Gari ba hanya, wa za ka aura in ba na kusa ba? Mu idan aka ce gado a jini, sikila ce ke fara zuwa mana a rai, da gwajin da ake nema kafin ɗaurin aure. Su nasu gadon garkuwa ya zamo. Kamfanonin magani sun bi abin da gudu. Wani gwaji a 2003 ya ba da fata, har Pfizer ta sayi kamfanin da ke aikin a kan dala biliyan 1.3, amma maganin bai kai kasuwa ba, a 2016 aka dakatar da shi. Abin da ya ba ni haushi kaɗan shi ne sunan. Jinin na Limone, suna na Milan.

Majami'un garin mun leƙa su a gurguje. San Benedetto, babbar cocin, ginin 1691. San Rocco ƙarama ce, a saman matakala, ta ƙarni na 16. San Pietro, wadda ta fi su tsufa, tana can cikin gonakin zaitun, kuma a hanyarta ne na ga allo da kibiya da sunan da na sani: Comboni.

Na tsaya cak. "Yaya, wannan Comboni ɗin na Khartum ne?"

"Ni ina na sani? Kai ne ɗan Sudan."

Unguwar sunanta Tesöl, a saman gari, a gindin dutse. Gidan ƙarami ne, na ma'aikacin lambu, a jikin wani tsohon gidan lemo. A nan aka haifi Daniele Comboni ranar 15 ga Maris 1831. Su takwas iyayensu suka haifa, shi kaɗai ya rayu ya girma. Yana ɗan shekara 12 aka kai shi Verona, makarantar wani limamin coci mai suna Nicola Mazza da ke ɗaukar 'ya'yan talakawa masu ƙwazo. A 1857 ya tashi zuwa Sudan, ta Masar, ta hamada a kan raƙumi. Abokan tafiyarsa zazzaɓi ya riƙa ɗauke su, mahaifiyarsa ta rasu yana can, shi ma ciwo ya koro shi gida. Ya koma. A 1864 ya rubuta tsarinsa, wanda gundarinsa shi ne 'yan Afirka su za su yi aikin Afirka, tunda Bature ba ya jure ƙasar. Ya kafa ƙungiyarsa a Verona a 1867, ya zama bishop a 1877, ya yi faɗa da cinikin bayi a Kordofan, ya mutu a Khartum ranar 10 ga Oktoba 1881 yana da shekara 50. A shekarar ce Muhammad Ahmad ya bayyana kansa Mahadi, kuma da El Obeid, babban birnin Kordofan, ta faɗa hannunsa a 1883 wasu daga mutanen Comboni suka zama fursunoni. Cocin Katolika ta sa shi cikin waliyyanta a 2003.

Ba zan yi munafunci ba. Mutumin ya je ne don ya yaɗa addininsa, kuma ra'ayinsa game da nawa addinin ba mai daɗin ji ba ne. Ban tsaya a gidan a matsayin mai neman tubarraki ba. Amma na daɗe ina kallon murhun da ke ɗakin girkin, ina lissafi. Iyaye talakawa sun binne bakwai, ɗaya ya rage, shi ma ya shiga jirgi ya nufi inda ake mutuwa. Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Darfur da ƙafa za su Makka, wasu suka zauna a Mai Wurno da Gadarif ba su dawo ba, su ma sun bar tsofaffi a bakin ƙofa. Na tuna titunan da ake kwatance da sunansa, da abin da yaƙi ya yi musu tun Afrilun 2023, da abokan karatuna da lambobinsu suka daina shiga. Yaya ya ga yanayina ya sauya, bai ce komai ba, ya fita ya jira ni a waje.

A cikin zaitun ɗin muka yi azahar da la'asar. Da na duba alƙibla a waya sai ta nuna kudu maso gabas, ta kan ruwa, wajen tsaunin Baldo. Kusan inda gidajen lemon suka fuskanta ke nan.

Akwai wata sabuwar hanyar keke da ƙafa da aka buɗe a 2018, an liƙa ta a jikin dutse tana reto a kan ruwa, tsawon wajen kilomita biyu. Mun taka kaɗan. Kyau kam akwai, amma cunkoson masu ɗaukar hoto ya sa muka juyo. Na fi son in ga garin yadda mutanen da suka gan shi, sai muka shiga jirgi zuwa Malcesine muka dawo. Iskar yamma da suke kira Ora tana busowa daga kudu, ta safe kuma, Pelèr, daga arewa take zuwa, da su masu kwalekwale suke tsara fita da komowa. Daga tsakiyar ruwa otal-otal ɗin sun ƙanƙance, dutsen ya yi girma, garin ya koma ɗan farin layi a ƙarƙashinsa. Ginshiƙan kuwa ga su nan birjik, har a wuraren da babu sauran bishiya ko ɗaya a tsakaninsu.

Kafin mu hau mota na ce ba zan koma hannu rabbana ba. Na tsaya gaban wani shago na zaɓi lemo huɗu manya, na biya kuɗin da a gida zai sayi kwando. Ina murna, Yaya ya sunkuya ya karanta jikin kwalin da aka zubo su, ya ɗago yana murmushi.

"Ustaz, ka san daga ina tsarabarka ta zo?"

"Daga ina?"

"Sisili."

Muka iso Brescia bayan isha'i. Matar Yaya ta yanka ɗaya ta matsa mana a shayi, sauran ukun yara suka yi ta ƙwallo da su a tsakar ɗaki har aka kore su barci.